Jirgin su Baffa

Yau tun da sassafe ƙananan jiragen nan na kwalejin koyon tuƙin jirgi suke ta shawagi a kanmu, ko barcin bayan asuba ban samu ba. Na leƙa kasuwar Sabon Gari, tumatir ya ɗan sauko, alhamdulillahi. Tela kuma har yanzu "gobe in sha Allah".

Bayan la'asar muna tsakar gida ina tsince shinkafa, sai ga Auta da waya a hannu, kun dai san shi da haukan son shiga sojan sama, wai "Yaya kin san Ingila ta taɓa yin rundunar jiragen yaƙi mai suna Najeriya?" Na ce kai dai ba ka rabo da shirme. Ashe da gaske yake. Runduna ta 91 ce, an sake kafa ta a Janairun 1941 a wani fili Hawkinge can bakin teku, jiragen Spitfire suke tuƙawa, aikinsu na farko sintiri a kan ruwan da ya raba Ingila da Faransa suna leƙen jiragen ruwan Jamus. Sunan kuma an liƙa mata ne saboda kuɗin da aka tara a ƙasar nan aka aika don sayen jirage.

Baffa yana kan buzunsa da carbi, mun ɗauka ma gyangyaɗi yake, sai kawai ya ce "Kuɗin jirgi ke nan." Muka juya. Ya ce Malam, mahaifinsu, ya sha ba su labari, lokacin yaƙin Hitila an bi gari ana karɓar taro da sisi, har da mai sule, bayan haraji kuma, shi ma sai da ya sayar da gyaɗa ya bayar. Sai ya tambayi Auta, "To a cikin masu tuƙin akwai namu?"

Auta ya yi ta latse-latse. Ya ce akwai wani ɗan Ostireliya, Collier, a 1944 da Jamus ke harbo bama-baman nan masu tashi da kansu, V-1, harsashinsa ya ƙare sai ya matsa ya sa bakin fiffikensa ya tunkuɗe bam ɗin ya kife. Akwai kuma Bafaranshe, Jean Maridor, ya harbi ɗaya daf da daf don kada ya faɗa kan asibitin sojoji, ya fashe da shi ya mutu, a watan Agustan shekarar. Bama-bamai fiye da ɗari rundunar ta kakkaɓo. Auta sai zumuɗi yake kamar shi ya yi.

Baffa ya ce "Allah sarki, sun yi jarumta. Amma ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Shiru. Sai ƙarar jirgin kwalejin ya sake wucewa, wallahi kamar da gayya.

Can Baffa ya ƙara da cewa, "Ko sau ɗaya an kawo shi Zariya Malam ya gani?" Ya yi 'yar dariya ya miƙe zuwa alwala, shi a wajensa magana ta wuce, ni kuwa ta tsaya min a rai har yanzu. A 1947 aka sauya wa rundunar lamba, ta koma 92, shi ke nan. Ni dai sulen Malam nake ta tunani, wane ƙusa ya saya a jikin jirgin, mutumin da Baffa ya ce ko jirgin ƙasa sau biyu kacal ya shiga a rayuwarsa.

Auta ya ce in ya zama matuƙi zai zagaya da Baffa saman Kufena. Baffa daga bakin randa ya ce ya fara gyara tayar kekensa tukuna.

Shinkafar ma ta caɓe, Inna ta yi ta faɗa. An ɗauke wuta tun magariba, cajina saura 9.