Jirgi mai saukar ungulu ba zai raba mu da cunkoson Kwangila ba

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a ƙarƙashin gadar Kwangila da ke Zariya da la'asar, tirela a gabansa, Keke Napep sun tokare shi hagu da dama, ba a ga laifinsa ba idan ya yi fatan ya bi ta sama. Mu Zazzagawa mun fi kowa saurin wannan tunani, domin tun 1964 Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama take garin nan, kuma mun tashi muna ganin ƙananan jiragen ɗalibanta suna shawagi a kan Palladan. Shi ya sa matasanmu ke ɗokin labarin ƙaramin jirgi mai saukar ungulu da ake cewa zai yi araha.

Sai dai arahar ba ta talaka ba ce. Robinson R22, wanda ake ƙerawa a Amurka tun 1979, yana cikin mafiya sauƙin kuɗi, amma farashinsa ɗaruruwan dubban daloli ne, kuma mutum biyu kacal yake ɗauka. Yana shan fiye da lita 30 a sa'a guda, man kuma ba irin na gidan mai ba ne, sannan bayan sa'o'i 2,200 na tashi ko shekara 12 dole a yi masa garambawul gaba ɗaya. Kafin nan sai mai shi ya yi aƙalla sa'o'i 40 yana koyo a sama, ya sami lasisi. Jetson ONE, wani ƙaramin jirgi mai amfani da batir, shi kuwa mutum ɗaya yake ɗauka, kuma kimanin minti 20 yake yi a sama cajinsa ya ƙare.

A ce ma an saya, ina za a sauka? Lungunan cikin Birni cike suke da wayoyin lantarki da rufin kwano, ga hazon hunturu da ke hana manyan jirage ma tashi. A Sao Paulo ta ƙasar Birazil attajirai sun daɗe suna sauka a kan benaye, amma sauran jama'a suna nan a titi kamar jiya.

Abin da ya fi damuna shi ne ma'aikaciyar jinya da ke sammako daga Tudun Wada zuwa asibitin Shika, da ɗalibin da ke neman motar Samaru. Su za su amfana ne idan aka sama wa tireloli wurin tsayawa a wajen gari, aka janye lodin fasinja daga bakin titi, aka kuma kammala layin dogon Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2021, wanda zai ratsa Zariya ya ɗauke wa hanya nauyin kaya.