Na kai rediyon Baba Damagaram

Da aka gama rabon gadon Baba, ba wanda ya ko kalli rediyonsa. Tsohon National Panasonic ne mai rigar fata, murfin batirinsa ya karye tun ina firamare, da robar tayar keke ake ɗaure shi. Baffanmu na Damagaram ciwon ƙafa ya hana shi zuwa ta'aziyya, ba shi kuma da kaso tunda akwai mu 'ya'ya maza. Abu ɗaya ya roƙa a waya: in ba mai so, a kai masa rediyon Yaya.

Na so in ba direba saƙo, Inna ta ce a'a, da hannuna zan kai.

Da sassafe na shiga mota a Kano, rediyon yana kan cinyata a naɗe cikin tsohon rawanin Baba. Yaron mota ya ce in kawo a sa a but, na ƙi. Muka wuce Kazaure, rana ta ɗaga, muka nufi Daura. Wani saurayi da ke gefena, kunnensa toshe da abin sauraro, ya leƙa ya ga eriyar ta leƙo daga rawanin, ya ce, "Yallaɓai, har yanzu ana amfani da wannan? Ai duk yana cikin waya." Gaskiyarsa ne, ni ma a waya nake jin labarai. Na dai yi murmushi, don ban san yadda zan gaya masa cewa ni ban taɓa jin ƙarfe shida da rabi ta yi ba sai da ƙarar wannan akwatin. Baba na dawowa daga masallaci zai zauna kan buzu, ya murɗa, a yi ta shuuu da ƙiii, can sai muryar London ta fito. Wannan shuuu ɗin shi ne agogonmu na tashi makaranta, ya fi kuma muryar Inna tasiri.

A Kwangwalam, bakin iyaka, aka sauke mu aka bincika kaya. Can ɓangaren Nijar wani jami'i ya sa na warware rawanin. Ya ɗaga rediyon, ya jujjuya shi, ya shafa rigar fatar da babban yatsa. Na zaci kuɗi zai nema. Sai ya ce irinsa sak mahaifinsa yake da shi, ya tambaye ni ko akwai pil a ciki. Sai da na yi jim kafin na gane batir yake nufi. Ya miƙo min da hannu biyu, ya ce Allah ya jiƙan mai shi, alhali ban gaya masa mai shi ya rasu ba. Ina jin rawanin ne ya tona.

Daga nan zuwa Matamaye barci na yi ta yi. A Takeita muka hau babban titin da ya taso daga Maraɗi, la'asar sakaliya muka shiga Damagaram. Garin na nan da duwatsunsa jibga-jibga da tsohuwar Birni da fadar Sarki. Baffa ba ya gajiya da tuna wa mutum cewa nan ne babban birnin Nijar kafin Turawan Faransa su mai da shi Yamai a 1926, kamar jiya aka yi masa ƙwacen.

Na same shi a zaure, ƙafa a miƙe. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyya, aka kawo fura. Bai tambayi rediyon ba sai bayan magariba. Da na ajiye a gabansa, bai kunna ba. Ya kai shi hanci tukuna. Ni ma na san abin da ya ji: turaren ɗan goma da Baba yake shafawa ya kama fatar, shekara da shekaru. Sannan ya haska tocila kan gilashin, inda Baba ya ɗiga jan fenti wuri uku don kada ya sha wahalar lalube. "Wannan Kaduna ce, mita 49," in ji shi. "Wannan London, wannan Jamus." Bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Ashe tare suka saye shi. Suna samari suna fataucin fata tsakanin Damagaram da Kano, suka haɗa kuɗi, da sharaɗin wata ɗaya a hannun wannan, wata ɗaya a hannun wancan. Da Baba ya yi aure ya zauna a Kano, sai sharaɗin ya bi ruwa. "Wata ɗaya ya ara," Baffa ya ce yana dariya, idonsa na kawo ruwa. "Yau shekara nawa?" Ya ce BBC ta fara Hausa a 1957, Jamus ta biyo a 1963, Amurka sai 1979, su kuwa duk wanda ya fara jin labari shi ke da bakin magana a majalisa ranar. Akwai shekarar da Baba ya aika masa gaisuwa ta zaɓi-sonka a Rediyon Kaduna, bai ji da kunnensa ba, mutanen unguwa ne suka yi ta zuwa suna ba shi labari har kwana uku.

Baffa fa yana da rediyo, sabo fil, ɗan Caina, mai cajin rana da wurin sa memori. Jikansa kuma ya sa masa komai a waya. Duk da haka ya aiki yaro ya sayo manyan batura, ya zare robar a hankali ya zuba su, ya mai da ita yadda ya same ta.

Ƙarfe takwas da rabi saura kaɗan ya murɗa. Shiru. Na ce, "Baffa, ai sai an..." Kafin in ƙarasa ya ɗaga tafin hannu ya ɗan mare shi a gefen hagu, daidai inda fatar ta koɗe, inda Baba yake marinsa. Shuuu ɗin ya cika zauren. Na tashi na fita waje kamar zan yi alwala, na daɗe a tsaye jikin bango. Daga ciki na ji Baffa yana kira: "Kai, ɗan nan, shigo mana, an fara."