Fili naka ne, amma kwana a cikinsa sai da izini: zama a karaban a Ingila

Eka shida da 'yan kai na saya a karkarar Ingila, filin kiwo mai shinge da ƙofar ƙarfe, babu gini ko ɗaya a ciki. Da takardar mallaka ta fito daga Land Registry, hukumar rajistar filaye, da sunana, sai na ɗauka magana ta ƙare. Mu da muka taso a Arewa mun saba ganin manomi ya kafa bukka a gonarsa ya yi damina a ciki, babu mai ce masa kanzil. Da wannan tunanin na sayi karaban, wato gidan nan na tafi-da-gidanka da ake ja ko a ɗauko a kan tirela, na ajiye shi gefen shinge na tare.

Kuskuren yana nan: dokar tsara birane da karkara ta 1990 abu biyu take sa wa ido, gini da kuma sauya amfanin fili. Karaban ba gini ba ne, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Amma ranar da ka fara kwana, girki da wanka a filin da aka san shi da noma ko kiwo, ka mayar da shi mazauni, kuma wannan sauyin sai da izinin ƙaramar hukuma. Barin tayoyi a jikinsa ba ya cetonka. Abin da ake dubawa shi ne me ake yi a wurin.

Shi kansa karaban doka ta yi masa iyaka. Dokar 1960 ta ce abu ne da aka tsara don zaman mutum, wanda za a iya ɗauka daga wuri zuwa wuri. Dokar 1968 ta yarda da mai ɓari biyu da ake haɗawa da noti a wurin, kuma a Ingila tun 2006 girmansa bai wuce tsawon mita 20, faɗin mita 6.8, da tsayin ciki mita 3.05 ba. Idan ka zarce haka, ko ka jingina masa ɗaki na bulo har ya zama ba ya ɗaukuwa, ya tashi daga karaban ya koma gini. Daɓen kankare, hanyar tsakuwa da dandamalin katako a bakin ƙofa kuwa, kowannensu na iya buƙatar izininsa daban.

Maganar "kwana 28", wai kana iya zama a filinka kwana 28 a shekara ba tare da izini ba, ita ce ta fi cin mutane, ni ma ita na dogara da ita. Akwai ta, amma ba yadda ake yaɗa ta ba. A filin da bai kai eka biyar ba, matafiyi da karaban ɗaya ne zai iya tsayawa, dare ɗaya ko biyu a jere, jimilla kada ya wuce kwana 28 cikin wata 12. A filin da ya kai eka biyar, karaban uku na iya tsayawa, su ma kwana 28 a shekara. Lissafin kuma na kwanakin da karaban ya yi a filin don zama ne, kuma na filin gaba ɗaya ne, saboda haka jan shi daga wannan kusurwa zuwa waccan ba ya sabunta komai. Sassaucin kwana 60 da aka ƙara a 2023 na sansanin masu yawon hutu ne da tantuna da motocin kwana, bai shafi mai neman mazauni ba.

Jami'in ƙaramar hukuma da ya zo duba wurin bai ɗaga murya ba. Ya tsaya bakin ƙofa ya nemi izinin shiga, ya ɗauki hoton tulun gas guda biyu da ke jingine, igiyar shanya da kaya a kai, kwandon shara, da hanyar da ƙafa ta taka ciyawa ta mutu daga ƙofar karaban zuwa inda nake ajiye mota. Wannan ya ishe shi shaida. Bayan haka takardar tambayoyi ta iso, wadda doka ta ba ka kwana 21 ka amsa: yaushe ka kawo shi, wa ke kwana, ina wani adireshinka. Ƙin amsawa laifi ne, yin ƙarya a ciki ma laifi ne. Zama ba tare da izini ba, shi kaɗai, ba laifin da ake gurfanar da mutum ba ne tukuna. Yana zama laifi ne idan aka ba ka takardar umarnin tashi ta fara aiki ka ƙi bi, kuma tarar ba ta da iyaka. Takardar umarnin tana ba da aƙalla kwana 28 kafin ta fara aiki, kuma ɗaukaka ƙara zuwa Planning Inspectorate, hukumar da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, dole ya isa kafin wannan ranar. Wanda ya makara da kwana ɗaya ya rasa damar. Ni ban jira ta ba: na amsa tambayoyin da gaskiya, na daina kwana a wurin, na fara neman izini.

Za a ba ka shawarar ka lafe, wai bayan shekara huɗu babu mai taɓa ka. Ga karaban tun asali shekara goma ne a jere ba yankewa, domin amfani da fili ne, kuma daga 25 ga Afrilu 2024 goma ɗin ta game kusan komai a Ingila. Ɓoyewa da gangan ma tana rusa lissafin. Wani manomi a Surrey, Robert Fidler, ya gina katafaren gida ya ɓoye shi bayan tarin damman ciyawa har shekara huɗu; ƙarshenta a 2016 aka rushe shi. Ban ga hikimar kafa rayuwar iyali a kan fargabar ƙarar mota a bakin ƙofa ba.

Hanyoyin da ke ɓullewa kaɗan ne. Mai gida da lambu zai iya ajiye karaban a harabar gidan ba tare da izini ba, matuƙar yana ƙarƙashin hidimar gidan, kamar tsohuwa da ke kwana a ciki amma abinci da wanki a babban gida. Da zarar ya zama gida mai zaman kansa, ko aka sa ɗan haya, zance ya canza, don haka gara a nemi takardar shaidar halasci daga ƙaramar hukuma kafin a kashe kuɗi. Wanda ke da izinin gina gida kuma zai iya zama a karaban a wurin idan da gaske yana cikin masu aikin ginin, ya ɗauke shi ranar da aka gama. Ta uku ita na bi: izinin wucin gadi na ma'aikacin gona.

Manufar gwamnati ita ce kada a yarda da gida shi kaɗai a tsakiyar karkara, sai in akwai larura ta gaske cewa ma'aikaci ya zauna kusa da aikinsa. Ƙananan hukumomi da yawa har yau suna auna wannan da ma'auni biyu da suka gada daga tsohon jagoran gwamnati na 2004. Na farko: shin aikin yana buƙatar mutum a wurin dare da rana, kusan duk shekara? Na biyu: shin sana'ar za ta ci da kanta ta biya mai yin ta? Buƙatata ta farko a kan ma'auni na farko ta faɗi, kuma da na karanta rahoton jami'in na ga gaskiyarsa. Na rubuta tumaki 'yan kaɗan da tsoron ɓarayi. Haihuwar tumaki makonni ne a shekara, tsoron sata kuwa ba a karɓarsa shi kaɗai, ga kuma gidajen haya a ƙauyen da bai wuce tafiyar minti kaɗan ba. A karo na biyu na biya ƙwararren mai ba da shawara kan harkar gona, muka gina tsarin a kan renon 'yan tsaki rukuni bayan rukuni duk shekara, inda ɗaukewar wuta ko mutuwar na'urar ɗumi cikin dare ke kashe su kafin gari ya waye. Ya lissafa awannin aikin shekara ya nuna sun kai na mutum ɗaya cikakke, muka haɗa hasashen kuɗi na shekara uku da rasitan kayan da na riga na saya.

Ana shigar da buƙatar ta shafin intanet na neman izini mai suna Planning Portal. Taswirar wuri a ma'aunin 1:1250 ko 1:2500, da jan layi da ya zagaye filin har zuwa inda ya haɗu da titin gwamnati. Mutane kan manta da wannan ɗan ɓangaren hanyar, a dawo musu da takarda. Sai taswirar 1:500 mai nuna mazaunin karaban, wurin mota da magudanar ruwa. Maƙwabta na da kwana 21 su faɗi ra'ayinsu, hukunci kuma a ƙa'ida mako takwas ne, ko da yake nawa ya zarce. Abu biyu ya kamata a duba tun kafin a sayi filin, ni sa'a kawai na yi da su. Karaban na zaman dindindin yana cikin rukunin mafi rauni ga ambaliya, ba a yarda da shi a yanki na 3 na taswirar ambaliya, wato mafi haɗari, komai kyawun hujjarka. Sannan takardar mallakar kanta na iya ɗauke da tsohon sharaɗi da ya hana ajiye karaban, wanda izinin hukuma ba ya gogewa.

Ruwan bayan gida ya ci kuɗi fiye da yadda na zata. Tun 2020 ba a yarda tankin salga ya zuba kai tsaye cikin rafi ba. Sai dai ya tsiyaye ta bututun ƙarƙashin ƙasa, nesa da rafi da aƙalla mita 10, nesa da rijiya ko burtsatse da mita 50. Kafin nan ana haƙa ƙananan ramuka a cika su da ruwa a auna saurin shanyewa. Ƙasata laka ce, ruwan ya kwana a ramin bai ragu ba, dole na sayi ƙaramar na'urar tace ruwa mai amfani da lantarki.

Izinin ya fito na shekara uku, da sunana, da sharaɗin cewa idan wa'adin ya cika ko sana'ar ta tsaya, a ɗauke karaban a mayar da filin yadda yake. Bayansa akwai lasisin wurin ajiye karaban, wanda wani sashe daban na ƙaramar hukumar ke bayarwa ko da guda ɗaya ne, sai harajin gida, wanda galibi karaban ke faɗawa rukunin A, mafi ƙanƙanta.

Karaban ɗina na farko na masu hutu ne, ma'aunin EN 1647, an yi shi don bazara. A watan Janairu nakan tashi in tarar da raɓa tana gangarowa ta cikin taga, ƙasan katifa ya jiƙe, bututun da ke ƙarƙashin bene ya daskare ya fashe. Karaban na zaman dindindin shi ne mai ma'aunin BS 3632, bangonsa ya fi kauri. Gas ɗin butan yana daina tashi idan sanyi ya kusa sifili, sai furofen, tulu biyu masu kilo 47 da makunnin da ke juyawa da kansa idan ɗaya ya ƙare. Kada a toshe kafofin iska don gudun sanyi, kuma a sa na'urar gargaɗin hayaƙin nan marar wari mai kisa kusa da wurin kwana. Ranar kawo babban karaban kuma a auna faɗin ƙofa da kwanar titi tukuna, a zaɓi lokacin da ƙasa ta bushe, domin tirela mai nauyi tana nutsewa a ciyawar da ta sha ruwa.

Shekara ukun nan gwaji ne, kuma ba kasafai ake sabunta shi ba. Mai son izinin dindindin a ƙarshensu za a nemi ya nuna sana'ar ta yi shekara uku tana gudana, ta kawo riba aƙalla a ɗaya daga ciki. Saboda haka tun ranar farko na buɗe asusun banki na gonar daban, kuma akwai littafi rataye a ƙofar ɗakin 'yan tsaki da nake rubuta duk daren da ƙararrawa ta tashe ni: kwanan wata, ƙarfe nawa, abin da ya lalace, da guda nawa suka mutu.