Man nitiro: yadda na ƙone injina da hannuna

Ɗan ƙanwata ya tara kuɗi ya sayi motar nitiro ta hannu, irin 'yar ƙaramar nan da ake tuƙawa da rimot amma tana da inji na gaske, mai ƙara da hayaki. Ranar Juma'a bayan la'asar ya kinkimo ta zuwa gidana a nan Jidda, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya miƙo min waya. "Kawu, duba, wannan man kashi 33 ne. Shi zan saya, an ce ya fi gudu." Na ce masa, to maiƙon da ke ciki kashi nawa ne? Ya ce, "Wane maiƙo kuma?" Na tambaye shi wane mai tsohon mai motar yake zuba mata. Bai tambaya ba. Bidiyo ya kalla, wani ya ɗaga galan, mota ta tashi sama, shi ke nan ilimi ya kammala.

Ni ma na yi tambayar "wane maiƙo", sai dai ni bayan inji ya mutu na yi ta.

Man waɗannan motoci ba fetur ba ne, kuma duk wanda ya zuba fetur ya gama da injin. Haɗi ne na abu uku: metanol, wanda ya fi yawa, nitirometan, shi ne lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin galan, sai maiƙo. Injin ba shi da wurin zuba baƙin mai irin na babbar mota. Duk abin da zai shafe fistin da kwanrod da boris, a cikin man yake tafiya, ya shiga ya fita ta salansa. Kuma inji ne da ke juyawa fiye da sau 30,000 a minti ɗaya.

Lokacin da na sayi tawa ina aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ina ganin kaina makanike, abin da ya fi komai cutar da ni ke nan. Da kashi 20 na fara, lafiya lau take tafiya, tana barin siririn hayaki mai shuɗi-shuɗi a bayanta, tana ɓata taya da gefen jikinta da maiƙo. Wannan maiƙon ne ya dame ni, kullum sai na zauna goge-goge. Sai wata rana a wani fili can wajen gari wani yaro da bai kai ni shekaru ba ya wuce ni kamar ina tsaye. Na leƙa galan ɗinsa na ga 30. Ban dubi injinsa ba, ban dubi tayoyinsa ba, ban ma yarda cewa ya fi ni iya tuƙi ba. Lambar kawai na gani.

Na sayo kashi 30 na 'yan tsere, wanda maiƙonsa kaɗan ne, don su masu tsere sun san yadda ake saita shi kuma suna da kuɗin canza fistin a kai a kai. Nitirometan yana ɗauke da iskar da yake ƙonewa da ita a jikinsa, saboda haka in ka ƙara shi, injin yana buƙatar a buɗe masa allurar kafireto ya sha mai da yawa, a kuma sa masa fulogi mai sanyi, wato wanda ba ya saurin kunna mai. Ni kuwa na bar fulogi mai zafi, na kama allura na riƙa murɗawa ciki. Duk murɗawa sai ƙarar ta ƙara kaifi, motar ta ƙara zabura. Hayaki ya ragu, ya ragu, ya ɓace. Wallahi murna na yi, na ce na rabu da goge-goge.

A nan dai zan ɗan kare kaina. Motar ta zo min ba takardar bayani. Mai ba ya samuwa yadda kake so, don ba kaya ne da ake aikowa ta jirgi kamar rigar waya ba, abin da ka tarar a shago shi za ka ɗauka. Sannan gaskiya ne iska mai zafi tana son a ɗan rage mai, kuma zafin bazara a nan yana haura digiri 40. Ka ga ban yi ƙarya gaba ɗaya ba. Amma "a ɗan rage" aka ce, ni kuwa na rufe maƙogwaron. Kuma injin ya gargaɗe ni: fulogi ya riƙa ƙonewa ɗaya bayan ɗaya, motar na cikin gudu sai ta shaƙe ta mutu. Na ce fulogin ne na jabu. Wani dattijo ɗan Filifin da muke haɗuwa a filin ya ɗiga ruwa a kan injin, ruwan ya yi tsalle ya ɓace nan take, ya girgiza kai ya ce in buɗe allura. Na yi masa godiya na ci gaba da abina.

Irin wannan inji ba shi da ringi. Fistin na alminiyom ne, silindarsa ta tagulla ce da aka lulluɓe, kuma an ɗan matse ta daga sama don fistin ya cije. Wannan cizon shi ne ƙarfin injin. Ranar da na ja igiyar tayar da inji na ji ta zo salalau ba turjiya, na san an gama. Kuɗin sabon fistin da silinda ya ci min riyal ɗin da na ware don aikawa gida, har yau in na tuna sai na ji kunya.

Da a ce na tsaya nan da sauƙi. Sai na juya na zama mai tsoron ƙarancin maiƙo, na je wurin masu sayar da kayan ƙamshi da magunguna na sayo man zurma na tuttula a galan ba awo. Dabarar ba ta wofi ba ce, man zurma ya fi na haɗin masana'anta jure zafi, shi ya sa har yanzu masu yin mai da yawa suke gauraya biyun. Amma yana barin danƙo, ni kuma na cika shi. Sannan azumi ya zo, na ajiye motar da ragowar mai a tanki, galan kuma a but ɗin babbar mota, murfi bai rufu sosai ba. Metanol yana zuƙar ruwa daga iska, kuma duk wanda ya kwana a Jidda ya san laimar Bahar Maliya. Bayan Sallah na tarar boris ya yi tsatsa, fistin ya maƙale, man galan ya lalace.

Na zauna da niyyar rubuta muku, ku sababbin shiga irin ɗan ƙanwata, shawarwari goma, amma wa zai karanta? Ku da ba kwa iya kallon bidiyon minti uku sai kun tsallake.

Ku tsaya a kashi 20. Ku juya galan ku nemi adadin maiƙo. Na kashi 8 zuwa 10 na 'yan tsere ne, sabon shiga ya nemi mai 12 ko sama da haka. In ba a rubuta ba, a tambaya, in mai shago bai sani ba, a bar masa kayansa. In kun samu man da ya karɓi injinku, kada ku yi ta sauye-sauye. Dole a ga hayaki a bayan mota. A sayi 'yar na'urar auna zafi. Kamfanin Traxxas, mai ƙera irin waɗannan motoci, ya ce kada injinsa ya wuce digiri 270 a ma'aunin Amurka, wato kusan 132 a namu, ni kuwa a ƙasar nan ba na bari ya matsa kusa da hakan. Ku bi takardar kamfani. Ko da yake takardar ba ta san Jidda ba, ranar da iska ta sauya sai kun taɓa allura, to ku taɓa kaɗan-kaɗan, kuma in za ku yi kuskure ku yi shi wajen yawan mai.

Kada ku haɗa mai da kanku. Ni dai har yanzu ina ɗiga zurma kaɗan a tsakiyar bazara, amma ni na riga na biya kuɗin makaranta.

In an gama wasa a zuƙe tanki, a bar inji ya ƙone ragowar, a cire fulogi a ɗiga man ajiya, a juya shi. Soson matatar iska a wanke shi a shafa masa mansa mai danƙo, don ƙurar nan tamu ba ta yafiya. Galan a ɗaki mai sanyi, a rufe gam, nesa da yara, kuma kada wanda ya juye shi a robar ruwa. Metanol guba ne, yana makantarwa, wutarsa ma da kyar ake ganinta da rana.

Wanda ya ga wannan duk wahala ne, ya sayi mai batir ya huta, ba abin kunya ba ne, yawancinsu ma sun fi gudu. Amma kada ya zo kusa da ni yana cewa ya san mota.

Maganar man shoka da na giya kuwa, na ga kun fara musu a kan 5,000 da 7,000, kuna ambaton lambobin da ba ku san aikinsu ba. Man silikon ne, babbar lamba kauri ke nan, zafi kuma yana ɗan tsinka shi. Ku bar shi yadda ya zo. Sai kun iya ƙarar da tanki guda ba ku kifar da motar ba, sannan ku zo mu yi wannan zancen.