Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Daren da Muka Ɗauki Kaza da 'Ya'yanta

A makon jiya na tsaya a inda na sayar da tumakina biyu na sayi kyamara ta hannu, har Inna ta yi kwana uku ba ta sakar mini fuska ba. To, mu ɗora.

Mu huɗu ne a Argungu muke wannan harka: ni da ƙanina, da wani malamin firamare, da wani tela mai waya kawai, amma duk ya fi mu ido. Mutanen garinmu sun saba da masu kyamara, domin tun 1934 ake bikin kamun kifi, sai dai a wurinsu ranar hoto ita ce ranar da dubban masunta suka auka Matan Fada da homa da gora. Mu kuwa sai an watse muke zuwa, mu bi zalɓe da balbela da kirinjijiya a fadama. Tsuntsaye sun ba mu haɗin kai. Taurari ne suka gagare mu: duk abin da na ɗauka baƙi ƙirin yake fitowa, kamar gindin tukunya.

Malam ne ya zaɓi ranar. Ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba, wata kuma ya kwana 28, babu farinsa da zai dushe taurari. Da la'asar muka je muka gai da mai unguwa, muka sanar da 'yan sintiri. Wannan kada ku yi wasa da shi. A zamanin nan, wanda ya hango mutum huɗu cikin dare da ƙarfe mai ƙafa uku ba hoto zai fara kawowa a ransa ba.

Bayan isha muna bakin gulbi, sauro na cin ƙafafunmu, kyamara sai kai da komo take, ta kasa saita komai. Can wani tsoho da ke gyaran taru kusa da jirginsa ya ɗago.

"Samari, mi kuka nema cikin duhun ga?"

Na ce, "Baba, taurari muke son ɗauka."

Bai yi dariya ba. Ya nuna gabas da haɓa, ya ce, "Ga Kaza can ta taso da ɗiyanta. In kun gan ta da wuri haka, kaka ta yi, sanyi na tafe."

Tela ne ya gano bakin zaren. Ya ce in daina barin kyamara ta saita kanta, in murza idon da hannu har fitilar wani masunci da ke can nesa a tsallake ta zama ɗigo ɗaya siriri. Na yi. Na kai ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 3200, na bar ƙofar haske a buɗe daƙiƙa 15, saboda in an wuce haka da yawa juyin duniya kan sa kowane tauraro ya ja wutsiya. Na sa jinkirin daƙiƙa 2, na janye hannuna. Ko numfashi ban yi ba.

Da hoton ya fito jikina ya yi sanyi. Taurari shida ko bakwai ido yake ƙirgawa a Kaza, amma ga su nan curi guda, sun fi talatin, da ɗan shuɗi-shuɗi. Baba ya goge hannu a riga, ya karɓa da hannu biyu, ya kusanto da fuskarsa.

"Ashe ɗiyanta sun kai haka? Shekarata saba'in ina kallonta."

Malam ya gaya masa hasken nan ya yi kimanin shekara 440 a hanya, wato ya taso ne ba da jimawa ba bayan zamanin Kanta. Tsohon ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah." Sai ya gargaɗe mu raɓa na gab da sauka. Ba mu ji ba, tsakar dare na yi ta lulluɓe idon kyamarar, sauran hotunan duka suka lalace.

Wancan ɗayan na wanke kwafi biyu. Na kai wa Baba nasa a bakin gulbi, ɗayan kuma na ajiye wa Inna kan tabarmar sallarta ban ce komai ba. Da safe na gan shi soke a jikin madubinta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin zuwanmu Yauri neman dorina.