Gidan Bayan Ganuwa: inda aikin wasana na ban tsoro ya kai

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyon haɗa wasannin kwamfuta. Zaure da tsakar gida sun kammalu. Yanzu mai wasa yana iya shiga ta ƙofar zaure, ya ɗauki fitilar ƙwai a kan dakali, ya kunna ta da ashana, ya ratsa soro na biyu ya faɗo tsakar gida, inda rijiya da rumbu da ɗakunan kwana suke. Ga wanda bai san aikin ba, ƙaramin wasa ne na ban tsoro da wasa ƙwaƙwalwa, irin wanda kake dannawa ka ɗauki kaya ka gwada su a wurare. Labarin wani saurayi ne da ya koma gidan kakansa a tsohon gari, gidan da ya yi shekara da shekaru ba kowa, don ya nemo takardar gona.

A Birnin Kebbi nake aikin, a kan tsohuwar laftof, da manhajar Godot. Kyauta ce, wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka ƙirƙire ta, aka sake ta ga kowa a 2014, kuma Godot 4 ta fito a 2023. Sauke ta ba ya cinye data, ba ta kuma wahalar da ƙaramar na'ura in wasanka na zane ne shimfiɗaɗɗe. Wanda bai fara ba tukuna, ita nake ba shi shawara.

Kafin in je ga rijiya, wadda ita ce babban aikin wannan karon, bari in faɗi abin da ya sa nake son irin waɗannan wasanni, domin daga nan duk shawarwarina suke fitowa. A yawancin wasanni kai ne mai ƙarfi, da bindiga ko takobi. A nan kuwa ba ka da komai sai ido da kunne da tunani. Son sani yana tura ka gaba, tsoro yana jan ka baya, kuma kai da kanka za ka miƙa hannu ka buɗe ƙofar da zuciyarka ba ta so. Kamar yaro ne da ke roƙon kakarsa tatsuniyar Dodo da dare, yana ƙanƙame da gefen zanenta, amma in ta yi shiru shi ne zai ce ta ci gaba. Sannan labarin ba a karanta maka shi. Kai kake tsinto shi daga kayan da mutane suka bari: takalmi ƙafa ɗaya, wasiƙar da ba a gama ba, gadon da aka jawo aka tokare ƙofa da shi.

Tun asali ma da gida aka fara. Mystery House, wanda Roberta Williams da mijinta Ken suka fitar a Amurka a 1980 don kwamfutar Apple II, zanen layuka ne kawai na wani tsohon gida da ake kashe mutanen cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Alone in the Dark ya zo daga Faransa a 1992, shi ma gida. The 7th Guest na 1993, gida ne na wani mai ƙera kayan wasan yara, Henry Stauf. Gida wuri ne da ya kamata mutum ya samu natsuwa, shi ya sa in ya juya maka baya abin yake shiga jiki.

To amma akwai wata matsala da ke cikin jinin irin wannan wasa, kuma duk wanda zai haɗa nasa sai ya yi karo da ita. Tsoro da wasa ƙwaƙwalwa ba sa jituwa da sauƙi. Tsoro yana son abu ya riƙa matsowa, lokaci na ƙurewa. Wasa ƙwaƙwalwa kuwa yana son ka zauna ka natsu. Da zarar mai wasa ya maƙale, ya fara kai da kawowa a lungu ɗaya yana neman abin da ya tsallake, shi ke nan tsoro ya mutu. Inuwar da ta sa gabansa ya faɗi a karon farko, yanzu wuce ta yake yi ko kallo ba ta ishe shi ba. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Daga nan sai haushi ya maye gurbin tsoro, ya tafi YouTube neman amsa, kuma wanda ya fita neman amsa da wuya ya dawo da zuciyar da ya fita da ita.

Abin da ya fi jawo maƙalewar nan shi ne wasa ƙwaƙwalwar da ba ta da dangantaka da gidan. The 7th Guest yana da kyan gani a zamaninsa, yana cikin wasannin da suka sa mutane sayen na'urar karanta faifan CD, amma ka shiga wani ɗaki a ce ka jera sarauniyoyi takwas a allon ces, wato darar Turawa, ba tare da wata ta iya cin wata ba, ka shiga ma'ajin abinci a ce ka jera gwangwanaye masu haruffa su ba da jimlar Turanci. Wanda Turancinsa bai yi zurfi ba, nan tafiyarsa ta tsaya, kuma ba rashin basira ya tsayar da shi ba. Wanda ya fi yin ƙaurin suna shi ne na Gabriel Knight 3, na 1999: sai ka manna salatif a bakin wata kafa, kyanwa ta ratsa gashinta ya maƙale, ka liƙa gashin a fuska ya zama gashin baki, don ka yi shigar wani mutum wanda shi kansa ba shi da gashin baki, sai ka zana masa a hoton fasfo. Babu mai hankalin da zai kai ga wannan ta hanyar tunani. Sai dai ya gwada kowane kaya a kan kowane abu har ya dace.

Sai kuma neman ɗan ƙanƙanin abu a cikin duhu. Wasannin Cube Escape na Rusty Lake, 'yan Holan, da suka fara fitowa a 2015, ina son su ƙwarai, yawancinsu kyauta ne a waya kuma ba su cika surutu ba, amma ko a cikinsu akan samu inda ka fahimci abin da ake nema sarai, wurin dannawa ne kawai ya ɓuya maka. Mu da yawancin masu buga wasanninmu a waya za su buga, wani allon ya tsage, wani a ƙarƙashin bishiya da rana tsaka, wannan ba ƙaramin lamari ba ne.

Wanda ya nuna mini cewa ana iya sulhunta su biyun shi ne Amnesia: The Dark Descent, na kamfanin Frictional Games a Suwidin, 2010. Ba ka da makami. Fitilarka tana shan mai, in ka kunna ana iya hango ka, in ka daɗe a duhu hankalin mutumin da kake juyawa a wasan ya fara gushewa, gani ya dagule. Akwai wani wuri a ƙarƙashin ginin da ruwa ya cika, da wata halitta da ba a ganinta, sai fantsamar ruwa a inda take taka ƙafa. Abin da za ka yi a fili yake: ka bi ta kan akwatuna, ka jefa wani abu nesa ta bi shi, ka samu ka buɗe ƙofa. Ba wuyar ganewa, wuyar aikatawa ce, domin kana yi abin yana nufo ka. Wasa ƙwaƙwalwar ita ce tsoron, ba a raba su.

Da wannan ma'auni na gina rijiya. Igiyar guga a tsinke take, an yanke ta da wuƙa, gugan yana can ƙasa. Duk wanda ya tashi a gida mai rijiya ba sai an gaya masa ba, ya san ƙugiya zai nema. Ƙugiyar tana rataye cikin rumbu, rumbu kuwa duhu ne, sai da fitila, fitilar kuma kananzir ɗinta kaɗan ne. In ya samo ta ya zura a rijiya, jawowa tana ɗaukar lokaci, dole ya riƙe yatsa a kan allo, ya ba tsakar gida baya. A daidai nan ne ake fara jin daka: taɓarya tana sauka a turmi, a hankali, a bayansa, a gidan da ba kowa. In ya saki don ya waiga, gugan ya koma ƙasa, dakan ya tsaya, turmin yana kife yadda ya bar shi. A cikin gugan akwai tarin mabuɗai a ɗaure da tsumma. Kuma akwai dalilin zamansu a can, wanda labarin zai bayyana daga baya: wani ne ya jefa su da gangan don kada a sake buɗe wani ɗaki.

Na ba ƙanwata ta gwada a wayarta. Ba ta tsaya ko kaɗan a kan ƙugiya ba, kai tsaye ta tafi nema, kuma da dakan ya fara sai ta rage sautin wayar. Wannan ya faranta mini rai fiye da duk wani yabo. Amma da ta iso ɗakin kakan ta ga kwaɗo a ƙyaure, sai ta ce, "Yaya, mi yas sa ba ni iya ɓalle shi da taɓarya? Ga ta nan aje." Tambayar da masu wasa suke yi ke nan tun da aka fara irin waɗannan wasanni: mutum riƙe da gatari, ƙofar katako ta gagare shi. Yanzu ɗakin ba kwaɗo. Ƙyauren ƙarfe ne, kuma da sakata aka rufe shi, ta ciki. Mabuɗan na sauran ɗakuna ne da adaka. Ɗakin da ba kowa amma an sa masa sakata ta ciki ya fi kowane kwaɗo tayar da hankali, kuma ya haifar da sabuwar tambaya mai ma'ana: ta ina za a shiga?

Wani abokin koyonmu ɗan Zuru ya kawo shawarar a sa dara, tunda wasanmu ne, gurbi 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, maimakon ces ɗin Turawa. Na karɓi darar, amma ban yarda ta zama mabuɗi ba. In aka ce sai ka jera uku kafin ƙofa ta buɗe, mun koma gidan Stauf ke nan, sunan wasan kawai muka sauya. Sai na bar gurabun a ƙasan zaure inda tsofaffi suke zama, an fara wasa ba a gama ba. Duk lokacin da mai wasa ya sake ratsa zauren, ɗa ɗaya ya matsa. Ba sauti, ba sanarwa. Wanda ya lura ya lura. Wannan ne maganina na sabawar ido: wurin da za a ratsa sau da yawa kada a same shi yadda aka bar shi.

Game da taimako in an maƙale, The 7th Guest yana da wani littafi a ɗakin karatu da ke ba da haske, in ka yi ta komawa ya warware maka gaba ɗaya. Silent Hill 2 na 2001 ya bar mutum ya zaɓi wuyar kacici-kacici daban da wuyar faɗa. Ni wayar saurayin na yi amfani da ita. In aka jima ba ci gaba, saƙon Inna zai shigo: "Ɗana, ka duba rumbu, can Baba yake rataye kayan rijiya." Cajin wayar kaɗan ne, saboda haka saƙonnin ƙidayayyu ne.

Ga masu tambayar yadda aka yi duhun: a cikin kayan aikin Godot, CanvasModulate ke rufe fagen da duhu, PointLight2D kuma shi ne hasken fitilar, ina ɗan motsa ƙarfinsa don ya yi kamar harshen wuta. Ban sa baƙi ƙirin ba, shuɗi mai duhu na sa, kuma duk abin da ake iya ɗauka yana ɗan ƙyalli in haske ya taɓa shi. Bayan katanga hazon hunturu ne. Masu Silent Hill na farko, a 1999, sun rufe garinsu da hazo domin PlayStation ba ta iya zana nesa, sai hazon ya zama abin da aka fi tunawa da wasan. Mu hazo namu ne na gado, ya kuma rage mini zanen unguwa guda. Sautuka da waya na ɗauka, na tace su a manhajar gyaran sauti ta Audacity: gyare, ƙarar ƙyaure, faɗawar guga a ruwa, da dakan da wata gwaggona ta yi mini. AudioStreamPlayer2D ke sa a ji dakan daga ɓangaren da turmin yake. Ku kuma duba rubutunku tun da wuri, domin ba kowane salon haruffa ke da ɓ da ɗ da ƙ ba. Noto Sans yana da su.

Akwai iyakokin da na sa wa kaina, kuma ina roƙon mu yi tunani a kansu tare. Ba zan mai da ayar Alƙur'ani ko addu'a kayan buɗe ƙofa ba. Ba zan zana siffar aljani ba, abin da ke gidan ba za a taɓa ganinsa ba. Kuma ba 'yan bindiga, ba satar mutane. A Kebbi da Zamfara akwai gidajen da aka bari ba kowa saboda dalilin da ba tatsuniya ba ne, kuma mai yiwuwa ɗan irin wannan gida ne zai riƙe wayar yana buga wasan. Na san Detention, na Red Candle Games a Taiwan, 2017, ya ɗauki zamanin dokar soja na shekarun 1960 ya gina wasan tsoro mai mutunci a kansa, da addininsu da al'adunsu. Amma su sun yi nasu ne bayan shekaru da dama da wucewar abin. Namu ciwon ɗanye ne.

Abin da ke gabana yanzu shi ne adana wasa, don wanda cajinsa ya ƙare ya ci gaba daga inda ya tsaya, sai kuma hanyar shiga ɗakin kakan. Ina tunanin ta rufi, inda azara ta karye, da tsanin da ke jingine bayan rumbu, amma ina so wanda ya san ginin ƙasa sosai ya gaya mini ko mutum zai iya ratsawa ta nan ba tare da rufin ya rufto ba. Ina kuma neman masu gwaji da ƙananan wayoyi, musamman waɗanda ba su saba buga irin wannan wasa ba. In kun ba wani ya gwada naku, ku zauna a gefe ku yi shiru, kada ku nuna masa komai, ku rubuta daidai wurin da ya daina jin tsoro ya fara danne-danne.