Abin da bidiyon taro ba ya nuna wa mai koyon tiyatar kunne, hanci da maƙogwaro

Duk likitan da ya shiga horon ƙwarewa a fannin kunne, hanci da maƙogwaro zai ji manyansa suna kwaɗaita masa halartar tarukan ƙungiyoyin likitoci, kuma ni ma ina cikin masu kwaɗaitarwar. Sai dai abin da ke damuna shi ne yadda da yawa daga cikin ƙannenmu suke dawowa daga taro da takardar shaidar halarta da tarin hotunan allo a waya, amma idan aka tambaye su abin da zai sauya a hannunsu ranar da za su shiga ɗakin tiyata, sai amsar ta yi wuya. Ba rashin ƙwazo ba ne. Taro yana nuna wa mutum aiki a mafi kyawun siffarsa, alhali abin da mai koyo ya fi bukata yana cikin ɓangaren da aka yanke aka zubar kafin a hau mumbari, kuma ba a samun wannan ɓangare sai an je da niyyar nemansa.

Akwai dalilin da ya sa taro yake da nauyi a wannan fanni fiye da wasu. Muna aiki ne a ramuka masu ƙunci da duhu, inda shekaru da dama mutum ɗaya ne kawai yake ganin abin da ake yi, mataimakinsa kuwa yana riƙe da kayan aiki yana kallon ƙeyar malaminsa. A shekarar 1921 Carl Olof Nylén ya fara amfani da madubin ƙara girma wajen tiyatar kunne a ƙasar Suwidin, kuma daga nan ne tiyatar kunne ta zamani ta samo tushe. A 1956 John Shea ya cire ƙaramin ƙashin nan na ji da ya ƙage a cikin kunne, ya maye gurbinsa da na roba, majiyyaci ya dawo yana ji. A birnin Graz na ƙasar Ostiriya, Walter Messerklinger ya daɗe yana nazarin yadda majina ke tafiya a cikin kogunan hanci ta hanyar na'urar leƙe, almajirinsa Heinz Stammberger ya yaɗa aikin, sannan David Kennedy ya kai salon Amurka a tsakiyar shekarun 1980. Waɗannan dabaru ba ta hanyar karatu kaɗai suka bazu ba. Likitoci ne suka riƙa tattaki suna zama a kwasa-kwasai da taruka suna gani da idonsu, domin gani ya kori ji. Manyan tarukan yau, kamar taron shekara-shekara na ƙungiyar likitocin fannin ta Amurka, ko babban taron duniya na IFOS, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar likitocin fannin ta duniya, wanda aka yi a Faris a 2017 da Dubai a 2023, magadan wannan al'ada ne.

Yanzu da kyamara ta shiga kowane lungu na kunne da hanci, bidiyo ya zama ginshiƙin koyarwa a taro, kuma ni'ima ce babba. Amma ya kamata mai koyo ya san irin abin da yake kallo. Tiyatar da ta ci sa'o'i an taƙaita ta zuwa 'yan mintoci, kuma mai gabatarwa ya zaɓo ta ne daga cikin ayyukansa masu yawa saboda ita ce ta fi tsabta. Ba ka ganin lokacin da jini ya rufe bakin na'urar leƙe har aka fito da ita aka goge aka mayar, aka sake fitowa da ita. Ba ka ganin lokacin da likitan ya tsaya cak saboda tsiron cikin hanci ya ɓatar masa da alamomin da yake bi, ya juya ya sake duba hoton sikan kafin ya ƙara taɓa komai. Ba ka jin maganar da ya yi da likitan sa barci a kan a sassauto da hawan jini ko a ɗaga kan majiyyaci kaɗan. Alhali a tiyatar kogunan hanci, tsakanin kayan aikinka da gurbin ido ƙashi ne siriri kamar takarda, sama da kai kuma rufin da ya raba hanci da ƙwaƙwalwa ne, wanda idan ya huje ruwan ƙwaƙwalwa zai zubo. Ilimin da ke hana wannan faruwa yana cikin waɗannan tsayawa da ja da baya da aka yanke.

Saboda haka tambayar da ta fi amfani a taro ita ce wadda ke dawo da abin da aka cire. Wane majiyyaci ne ba ka yi wa wannan aikin, kuma me ya sa? Idan jini ya hana ka gani a wannan mataki, me kake yi? Cikin waɗanda ka yi wa, nawa ne suka dawo ana bukatar sake yi musu, kuma har tsawon wane lokaci ka bi su? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai a cutar nan ta tarin fata a bayan dodon kunne mai cin ƙashi, wadda likitoci ke kira kolesitiyatoma, domin tana iya dawowa bayan shekaru, kuma sakamakon wata shida ba ya gaya maka komai a kanta. Na lura cewa ƙwararrun gaske ba sa jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Sau da yawa ma fuskarsu takan sake, domin an taɓo abin da suka fi sani kuma lokacin jawabi bai ba su damar faɗa ba. Wanda kunya ta hana shi tambaya a gaban jama'a yana iya jira a sauko daga mumbari, ya gabatar da kansa cikin ladabi, ya faɗi shekarar horon da yake ciki, sannan ya yi tambaya ɗaya takamaimiya. Tambayar da ta fito daga wani majiyyaci da ka gani da idonka ta fi samun amsa mai kyau a kan wadda ka ƙirƙira domin a san kana wurin.

Idan kuɗi ko lokaci ya tilasta wa mai koyo zaɓi tsakanin zaman sauraron jawabai da kwas na aikin hannu, ra'ayina shi ne ya ɗauki na aikin hannu, musamman ɗakin gwajin ƙashin kunne. A can ne mutum yake zama gaban madubi da ƙashin gefen kai na wanda ya sadaukar da jikinsa domin ilimi, na'urar huda ƙashi a hannu ɗaya, bututun zuƙe ruwa a ɗaya hannun, ruwa yana kwarara yana wanke garin ƙashi. A can ne kunne yake koyon yadda ƙarar na'urar ke sauyawa idan ƙashi ya fara yin siriri, ido kuma ya koyi gane launin jijiyar fuska yana bayyana ta cikin ƙashin kafin a kai gare ta, hannu ya san lokacin da za a ajiye kan na'urar mai yanka a ɗauki kan lu'ulu'u mai goga a hankali. Malami yana tsaye a bayanka yana cewa ka faɗaɗa ramin kafin ka zurfafa, ka tafi tare da tsawon jijiyar kada ka gitta ta. Idan ka raunata jijiyar a nan, ka yi asarar ƙashin gwaji ne kawai. Idan ka raunata ta a jikin mai rai, mutum ne zai farka rabin fuskarsa ya shanye, idonsa ba ya rufuwa. Babu jawabin da zai sa wannan ilimi a yatsun mutum, kuma ina ganin duk sashen horo da ke da hali ya wajaba ya tura masu koyonsa irin wannan kwas kafin a miƙa musu na'urar a kan majiyyaci.

Sai kuma batun auna abin da aka ji. Binciken da aka gabatar a taro bai bi ta irin tantancewar da ake yi wa wanda aka buga a mujalla ba, kuma nazarin da ƙungiyar Cochrane ta tattara ya nuna cewa ƙasa da rabin taƙaitattun binciken da ake gabatarwa a tarukan likitanci ne ake bugawa cikakku daga baya. Wannan bai sa su zama ƙarya ba, amma ya isa ya sa mutum ya dakata kafin ya sauya yadda yake kula da majiyyata. Haka nan kamfanonin magani da na kayan aiki suna ɗaukar nauyin wani ɓangare na taruka, kuma allon da mai jawabi ke bayyana alaƙarsa da su yakan wuce da sauri, don haka a karanta shi. Tiyatar baki da maƙogwaro ta hanyar amfani da mutum-mutumi, wadda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2009, da allurar dupilumab da ta amince da ita a 2019 domin tsiron cikin hanci, ci gaba ne na gaske. Abin da mai koyo zai nema shi ne wane majiyyaci ne suka dace da shi, da me aka gwada su, kuma wa ya biya kuɗin binciken.

Amma kada taka-tsantsan ya zama toshe kunne. John Epley ya sha fama kafin abokan aikinsa su yarda cewa ana iya magance irin jirin nan da ke tasowa idan mutum ya juya kansa a kan gado ta hanyar jujjuya kan majiyyaci bisa wani tsari, domin mayar da ƙananan duwatsun cikin kunne mazauninsu. Sai a 1992 aikinsa ya fito a mujalla, kuma a yau dabara ce da ake koya wa kowane mai horo, ba ta bukatar wuƙa ko magani. Haka binciken asibitocin tsofaffin sojojin Amurka da aka buga a 1991 ya nuna cewa ana iya ceton akwatin muryar wasu masu ciwon daji ta hanyar magani da gashin haske mai ƙona ƙwayoyin dajin ba tare da an cire shi ba, bayan fiye da ƙarni ana bin tafarkin cire akwatin muryar gaba ɗaya da Theodor Billroth ya buɗe a 1873. Daga baya kuma aka gane cewa ciwon dajin maƙogwaro mai alaƙa da ƙwayar HPV, wadda ita ce ke jawo dajin bakin mahaifa, yana da hali dabam, har aka ware masa nasa tsarin tantance mataki. Irin waɗannan sauye-sauye ana karanta sakamakonsu a mujalla, amma muhawarar yadda za a yi aiki da su a kan majiyyacin da bai yi daidai da na cikin binciken ba, a taro ake jin ta, musamman a zaman da ake ɗora wa ƙwararru labarin majiyyaci ɗaya a ga yadda suke saɓawa. Wannan zama ya fi mini kowane jawabi daraja, domin a nan ne mai koyo yake gane cewa manya ma suna da inda suke kokwanto, kuma yana ganin yadda suke yanke shawara duk da kokwanton.

Gabatar da aikin kai ma wani horo ne dabam. Ba sai an jira babban bincike ba. Ƙididdigar waɗanda suka yi zubar jini bayan cire tonsil (ƙullutun naman nan biyu na gefen maƙogwaro) a sashenku, ko sakamakon gwajin ji kafin da bayan facin dodon kunne, ko duba ko ana bin ƙa'idar Paradise ta 1984 kafin a yi wa yaro tiyatar tonsil (ciwo sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 a kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 a kowace shekara har shekara uku), duk ayyuka ne da suka cancanci fosta ko gajeren jawabi. Amfaninsu ga mai koyo shi ne suna tilasta masa duba alƙaluman gidansu da idon gaskiya, sannan ya tsaya gaban waɗanda ba su san shi ba su tambaye shi majiyyata nawa ne suka ɓace ba a sake ganinsu ba. A sa sakamako marar daɗi a ciki kamar yadda yake, a ɓoye duk abin da zai bayyana ko wane ne majiyyacin, a kuma nemi izininsa kafin a nuna fuskarsa. Gayyatar da ke shigowa ta imel daga tarukan da babu wata sananniyar ƙungiyar likitoci a bayansu, masu karɓar kowace takarda muddin an biya kuɗi, a yi watsi da ita.

Tun daga 2020 da annobar korona ta mayar da taruka kan intanet, ƙofa ta buɗe wa likitocin da kuɗin jirgi ko biza ke hana su zuwa, kuma bai kamata a raina wannan ba. Sai dai wanda ya yi rajista ya bar kwamfutar tana magana yana duba majiyyata a kilinik bai halarci komai ba. A ware wa zaman lokacinsa, a zaɓi abin da za a saurara tun kafin a fara bisa giɓin da mutum ya gani a littafin rajistar ayyukansa, ba bisa sunan da ya fi tashe ba.

Abin da ya rage shi ne dawowa. Rahoton ji na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutane sama da biliyan 1.5 ne ke da wani mataki na raunin ji, kuma kusan miliyan 430 daga cikinsu suna bukatar kulawa, mafi yawansu a ƙasashen da likitocin fannin suka yi ƙaranci. Wanda ya samu damar zuwa taro yana ɗauke da haƙƙin abokan horonsa da suka riƙe masa aikin dare da kuma na waɗannan majiyyata. Ya dace a cikin makonnin farko ya tsaya gaban sashensa ya bayyana abin da ya ji, ya bambanta abin da yake da hujja mai ƙarfi da abin da ra'ayin mutum ɗaya ne, ya kuma faɗi wanda za a iya yi da kayan da ake da su a hannu. Sabuwar dabarar tiyata kuwa ba a gwada ta a kan majiyyaci don an gan ta a allo. Ana tattauna ta da babban likitan da ke kula da horon mutum, a maimaita ta a ɗakin gwaji, a yi ta farko yana tsaye a gefe, sannan a rubuta sakamakon kowane majiyyaci, har da waɗanda aikin bai yi musu kyau ba, a ci gaba da binsu tsawon lokacin da cutar tasu ke bukata.